Kwalaben Dawa Babu Dawa

Babanmu yana da wata dawa da yake ji da ita fiye da yadda yake ji da wasu daga cikin 'ya'yansa, kuma ba ba'a nake yi ba. Kaura ce mai manyan ƙwayoyi, launinta kamar garin ɗorawa. Ya gaje ta daga ubansa, shi ma uban gada ya yi. A ƙauyenmu, can bayan Kucheri a ƙasar Tsafe, kowa ya san ta da dawar gidanmu. Tuwonta ba ya saki ko ya kwana, ɗumamensa kuwa da miyar kuka da ɗan man shanu, har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke.

Yayyena maza duk sun fice, wannan direba, wancan mai shago a Gusau, babu mai son jin ƙamshin fartanya. Maƙwabta kuma sun koma sabon iri mai saurin nuna. Saboda haka duk kaka, in Baba ya zauna yana zaɓar zangarniyar da za ta zama iri, maganarsa ɗaya ce: "Ni dai kada wagga dawa ta mutu a hannuna."

Akwai kuma wata magana da yake yi wadda muke dariyarta muna yara. Wai dawarsa tana da tunani. In fari ya taɓa ta tana ƙarama ta sha wuya ta rayu, to in na biyu ya zo ba ta firgita, ta riga ta san shi. Sai ga shi na girma, na yi karatun sinadaran tsirrai, na samu aiki a wani ɗakin gwaji a Gusau, na tarar masana suna ta muhawara a kan kusan wannan maganar. Ranar da na gaya masa, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "To, da can ƙarya kuke zaton ina yi?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce, "Baba, ka san mazari?" Ya harare ni ya ce uwarsa da kaɗi ta ciyar da su. Na ce to, a cikin ganyen dawa akwai wani zare da ido ba ya gani, shi ke ɗauke da duk gadonta, kuma naɗe yake a jikin wani furotin kamar yadda zare ke naɗe a mazari. Histon muke ce masa. Ana zaton in tsiro ya sha wahala yakan yi wa wannan mazarin 'yar shaida, kamar yadda Inna ke ɗaura wa kajinta tsumma a ƙafa. Shaidar tana ƙara masa ɗan nauyi, kuma akwai na'urar da ke iya auna wannan nauyin.

"Ashe sikeli ne," in ji Baba.

Daga ranar sunanta ke nan a gidanmu. Can ya ce in har sikelin zai shaida dawarsa, wataƙila masu raba iri su waiwaye ta, ta samu masu riƙe ta bayan ransa. Da wannan ya yarda in yanki ganyenta. Ni ma da wannan na ɗauki aikin, ba don ƙarin digirin da nake nema kaɗai ba.

Damina ta zo mana yadda nake so, Allah ya gafarta mini, don manoma ba haka suka so ta ba. Ruwa ya sauka aka yi shuka, dawa ta kai gwiwa, sai ya ɗauke. Ganye ya naɗe, aka yi ta roƙon ruwa, sannan ya dawo. A tsakanin nan na yi ta zirga-zirga daga Gusau da wani tulun ƙarfe cike da ruwan naitirojin, ruwan da sanyinsa ke ƙona fata. Dole ganye ya faɗa cikinsa da zarar an yanke shi, in ba haka ba shaidar da ake nema ta fara gogewa tun kafin a bar gona. Baba ya sa masa suna ruwan hayaƙi. Ran farko ya karɓi ganye ɗaya ya tsoma da hantsaki, ya fito da shi ya ɗan matsa, ganyen ya tarwatse kamar tangaran. Ya ja da baya ya ce, "La'ilaha illallahu! Wanga ruwa ba na alwala ba ne."

Safiyoyin nan su nake kewa. Raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa, ƙasa tana ƙamshi, kurciyoyi suna ta kuka a kan gawo, Baba yana gabana da hularsa da ta koɗe yana nuna mini inda zan yanka da inda ba zan yanka ba. In na miƙa almakashi wajen wata mai kauri sai ya riƙe mini hannu. "A'a, ba wagga ba. Wagga uwa ce, iri za ta zama." In na yi gardama ya ce gonarsa ce. Mu koma gida rana ta ɗaga mu tarar Inna ta dama fura, ta ajiye mana a gindin randa.

Komawa Gusau kuma sai daka. Ni da na gudu daga turmi, na yi karatu har na ƙoshi, sai ga ni tsaye da farar riga ina riƙe da taɓarya! Turmin dai ƙarami ne na tangaran, amma daka daka ce. A zuba ruwan hayaƙi, a zuba ganye, a murza har ya zama gari kamar kuka, kuma kada a kuskura a bar shi ya narke. Abokiyar aikina ita ke zuba mini ruwan ina murzawa. 'Yar kudu ce, Kirista, amma a Sabon Garin Gusau aka haife ta, Hausarta ta fi tawa karin magana. In hannuna ya mutu sai ta ce, "Yi lugude mana, 'yar ƙauye, ko a makaranta kika sayar da shi?"

Daga nan aikin ya koma na tata da wanki. A kwaɓa garin da ruwan sukari mai sanyi, a tace a ƙyalle, a sa a injin da ke wulwula kwalabe har abin da ake so ya kwanta a ƙasa. A wanke shi da wani ruwan sabulu, a sake, a sake, sai koren ya fita ya bar ɗan fari-fari. Wannan shi ne cibiyoyin da zaren yake ciki. Sai a zuba masa ruwan asid. Yawancin abin da ke ciki ba ya jure asid, dunƙulewa yake yi, shi kuwa histon narkewa yake ya biyo ruwan. Haka ake raba shi da 'yan uwansa.

A baki abin da sauƙi. Karon farko ganyen ya ci ni, ruwan ya koma ja kamar shayi, na zubar. Karo na biyu na yi garaje na kwashe abin da ya kamata in bari. Sai kuma aka ɗauke mana wuta kwana da kwanaki, janareto ya ƙi tashi, firiza ta saki, duk ganyen da ke cikinta ya narke ya yi laushi kamar an dafa. Ni kuwa zuciyata a kusa take, kowa ya sani. Ranar har mai gadi sai da ya ji muryata. Abin da ya tsira shi ne ɗan ragowar da ke can ƙasan tulun ƙarfe, kuma lokacin dawa ta riga ta fitar da kai, babu sauran ɗanyen ganyen da zan koma in yanko. Wannan ragowar ita ce ta ƙarshe, na sani, abokiyar aikina ta sani.

Muka lallaɓa ta kamar jinjiri. Sikelin ba ya auna histon ɗungurungum, sai an yayyanka shi gutsi-gutsi da wani sinadari mai aikin almakashi. Matsalar ita ce histon yana da gaɓoɓin yanka da yawa, in ka sake wa almakashin fuska sai ya mai da shi tsaki, abin da ba ya aunuwa. Don haka sai an fara toshe wasu gaɓoɓin, a bar masa kaɗan. Bayan yanka kuma a bi da shi ta wani ɗan mataci a kore gishiri da duk wani ɓurɓushin sabulu. Abu biyu sikelin ya tsana a duniya, sabulu da dattin fatar mutum. Ko gashi ɗaya ya faɗa, to shi na'urar za ta yi ta aunawa ta manta da dawa. Kullum hannu da safa, kai a ɗaure tamau, ko tari za ka yi sai ka juya baya.

A ƙarshe aka busar da komai a cikin 'yan kwalaben roba masu murfi, kowace ba ta fi gaɓar ɗan yatsa ba. Na ɗaga ɗaya wajen taga na duba. Babu komai. Haka ya kamata ta kasance, abin yana nan manne a gindinta, ido ne bai isa ya gan shi ba. Aikin damina guda da rabin kaka ke nan a cikin wani ɗan akwati da bai kai kwanon sha ba.

Babu irin wannan sikeli a wajenmu, sai an aika nesa, kuma ban yarda in ba direba ba. Na ce da kaina zan kai Kaduna wajen masu aikawa. Tunda hanya ta Tsafe ta bi, kuma Baba ya ishe ni da saƙon "Mi sikelin yac ce?", na ce bari in ratse gida in kwana, ya ga inda aka kwana da dawarsa.

Na isa da hantsi, an gama girbi, tsakar gida cike da dammuna. Na sauke wa Inna tsarabarta, shinkafa dafaffiya a kula, sukari a gwangwani, man gyaɗa a kwalba, ta kwashe ta shige madafi. Ni kuma na zauna da Baba a inuwar rumbu, na sa safar hannu, na buɗe akwatin na ɗago masa kwalba ɗaya. Ya ƙura ido. Ya karkata kai. Ya ce in matso da ita.

"Ina dawar?"

Na ce tana ciki. Ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya har da tari, ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga madafi: "Ke, zo ki ga ikon Allah! Ɗiyarki ta cinye mini ganye damina guda, ta zo da kwalaben dawa babu dawa!" Inna ta amsa daga can cewa hannunta da aiki. Ni ma na yi dariya, na rufe akwatin na kai ɗakinta na ajiye a bayan randa inda ya fi sanyi. Bayan azahar na tafi gaida gwaggona a ɗaya unguwar, kuma wanda ya san gaisuwar ƙauye ya san ba a yi mata gaggawa.

A gidanmu akwai dokar da ta girmi kowa: ba a mayar da kwano wofi. In maƙwabciya ta aiko da abinci, a wanke kwanon tas, a sa wani abu a ciki, ko da barkono ne guda uku, sannan a mayar. Mayar da shi wayam rashin tarbiyya ne, mayar da shi da datti kuwa zagi ne. Da wannan Inna ta rene mu, kuma ni ban taɓa kawo wa raina cewa dokar za ta biyo ni har cikin akwatin gwaji ba.

Na dawo da la'asar na tarar ta jera mini kayana a kan tabarma. Kula cike da gyaɗa, gwangwani cike da daddawa, kwalba cike da man shanu. A gefensu ga akwatina. Na durƙusa a gabansa. Na buɗe. Kowace 'yar kwalba cike take da ƙwayoyin dawa har wuya, an rufe murfinta da kyau.

Inna tana tsaye a kaina, fuskarta fal da fara'a. Ta ce, "Sun ba ni wuya, bakinsu ƙanana. Sai da na naɗa auduga a tsinke na sa sabulu na goge cikin kowace, na ɗauraye, na shanya su a faifai."

Da sabulu. Da hannunta. Na zauna daɓas. Na ce, "Inna, kin kashe ni."

"Subhanallahi! Da dawa?"

Da wani ne, wallahi da unguwar nan ta taru. Amma uwa ce, ina zan kai fushin? Na tashi na zagaya bayan rumbu na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Ina jin Baba yana yi mata bayani a hankali, ina jin ta tana salati tana cewa ita ina ta sani, ai ta duba da idonta babu komai a ciki, kuma shi da bakinsa ya faɗa. Da na dawo na same ta zaune ta yi tagumi, idonta ya yi ja. Baba yana riƙe da kwalba ɗaya yana jujjuya ta. Ya ce mata, "Wagga ba ta damin ci ba ce. Cikin iri kika ɗiba?"

Irin nan a rataye yake a cikin rumbu, ko yunwa ba ta sa a taɓa shi, kuma Inna ba ta taɓa kai hannu wajen ba tunda aka kawo ta gidan. Ta share ido da bakin zane ta ce, "To zan aika wa sikeli dawar tuwo ne? In auna ta za a yi, a auna mai kyau."

Baba bai yi faɗa ba. Ya mayar da kwalbar ya rufe akwatin ya miƙo mini. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗiyata. Baɗi ma damina ce."

Washegari na juya Gusau, babu sauran zuwa Kaduna. Abokiyar aikina ta buɗe akwatin ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta yi duka biyun. Hatsi dai ba a zubar da shi, ni kuma ba na son ganinsa. Na cusa akwatin can ƙuryar firij na ɗakin gwaji, bayan kwalaben da ba mai taɓawa, na manta da shi don na so in manta.

Baɗin da Baba ya faɗa ba ta zo wa gonar nan ba. Abin da ya samu ƙasarmu kowa ya sani, ba sai na tsaya faɗa ba. Kafin ruwa ya sauka zuwa gona ya zama kasada, daga baya kwana a ƙauyen ma ya gagara. Suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, suka zauna Tsafe na ɗan lokaci, sannan na dawo da su wajena a Gusau. Baba ya yi wa rumbu yaɓe kafin su fito, kuma da wannan yake kwana yake tashi: iri yana nan, in ƙura ta lafa za a koma. Ya daina tambayar sikeli. Yana zaune a ƙofar gida yana kallon babura, jikinsa yana ta raguwa. Inna kuwa duk tuwon da aka tuƙa da dawar kasuwa sai ta ce wannan ba tuwo ba ne, cika ciki ne.

Aka ɗauki lokaci a haka, har wani ɗan ƙauyenmu ya yi ƙundunbala ya leƙa, ya zo da labari. Gidaje na nan wasu, amma rumbuna duk an ƙone su. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi wa mutumin godiya, ya raka shi ƙofa. Da ya dawo ya zauna ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, ya ce, "Ta mutu a hannuna ke nan."

Ban san sadda na miƙe ba. Mayafi ma a hanya na gyara shi. Na tari mai babur har ɗakin gwaji, na durƙusa gaban firij ina ta fitar da kwalabe, mai gadi yana tambayata ko lafiya. Akwatin yana nan inda na cusa shi, ya yi sanyi ƙalau.

Na dawo gida na ajiye shi a cinyar Baba. Ya ɗauko kwalba ɗaya, yatsunsa suka kasa buɗe murfin, Inna ta karɓa ta buɗe ta juye masa a hannu. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin. Ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙori ya fasa, ya duba cikinta. Sai ya juya wajen Inna ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ita kuma ta juya ta kalle ni, kallon nan na uwa.

Dangin mijina suna da gona a Bungudu kusa da gulbi, suka yanka mana gefe. Duk dawar ba ta cika tafin hannu biyu ba, kuma ba duka ta tsiro ba, amma ta tsiro. Sau ɗaya muka samu kai Baba a mota, lokacin ta kai ƙugu. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin kunya, ya miƙa hannu yana shafa ganyen. Ya dube ni da 'yar tsokanar nan tasa ya ce, "Ina tulun hayaƙin?" Na ce, "Bana babu yanka, Baba, duk uwaye ne." Ya yi dariya har ya yi tari kamar wancan karon.

Bai ga girbinta ba. Ya rasu dawa tana fitar da kai.

Da kaka muka yanko zangarniyoyin, Inna ta hana kowa sussuka, ita ta murje su da hannu a kan faifai. Da ta gama ta ce in kawo mata kwalaben nan. Na ce me za ta yi da su? Ta ce, "Ke dai kawo." Ta zauna ta cika su ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗan ƙauyenmu da ya zo gaisuwa, daga Tsafe, daga Bilbis, daga duk inda zama ya jefa shi, in dai yana da inda zai soka iri, sai ta danƙa masa ɗaya. Har yayana direba ya karɓa, ya ce akwai fili a bayan gidansa.

Ta rage guda ɗaya ta miƙo mini. Ta ce wannan ta sikeli ce, in na tashi aunawa in shuka in yanki ganyen da kaina, ita ba za ta ƙara wanke mini komai ba. Har yanzu ban aika ba, ban kuma san abin da sikelin zai ce ba. Amma jiya da safe ɗumamen kaura muka ci, kuma Inna ta ƙara.